Haraji, Jangali da Baitulmali: Sharhi a kan Harshen Muhawarar Kasafin Kuɗi a Zamanin Mulkin Mallaka

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi da na tattalin arziki sun daɗe suna nazarin kasafin kuɗin gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya, amma galibi alƙaluma ne suka fi ɗaukar hankalinsu: nawa aka tara, nawa aka kashe, wane yanki ya ci moriyar wani. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi da wane harshe aka yi wannan magana ba, alhali kuwa a Arewa, tun daga zauren dagaci inda ake yanka wa magidanci abin da zai biya, har zuwa zauren Majalisar Wakilai a Kaduna, Hausa ce ta ɗauki babban kaso na wannan nauyi.

Wannan maƙala za ta yi sharhi a kan kalmomin da aka yi wannan muhawara da su. Abin da take son tabbatarwa shi ne, Turawan mulki sun ari tsofaffin kalmomin kuɗi na Daular Usmaniyya, sun ci moriyar kwarjininsu, amma sun yar da sharuɗɗan da ke tattare da su. Kuma wannan aro ya yi tasiri a kan irin tambayoyin da ya yiwu a yi a majalisa da waɗanda suka yi wuyar furtawa. Daga ƙarshe za a nuna abin da wannan ke nufi ga masu aikin fassara da masu tsara keɓaɓɓun kalmomi a yau.

2.0 Fagen Muhawarar

Kafin a shiga kalmomin, ya kamata a san inda aka yi muhawarar da waɗanda suka yi ta. Kafin haɗewar 1914, gwamnatin Arewa ba ta iya riƙe kanta, sai da tallafin shekara-shekara daga Ingila da gudummawa daga Kudu. Ita kuwa Kudu, babbar hanyar samun kuɗinta ita ce kuɗin fito a kan kayan da ake shigowa da su, musamman barasa, wadda aka hana sayar wa 'yan ƙasa a Arewa. Ke nan Arewa ta dogara ne ga kuɗin da ake karɓa kai tsaye daga hannun talaka, bisa dokokin da Gwamna Lugga ya kafa a 1904 da 1906.

Tsarin mulkin Clifford na 1922 ya kafa Majalisar Dokoki a Ikko mai zaɓaɓɓun wakilai 4 kacal, 3 daga Ikko, 1 daga Kalaba, kuma sai mai samun fam 100 a shekara ke da ikon jefa ƙuri'a. Wannan majalisa ba ta yi wa Lardunan Arewa doka, Gwamna ne ke yi musu da sanarwa, amma ana gabatar mata da kasafin ƙasa baki ɗaya. Wato sama da shekara 20 ana tattauna kason gwamnati daga harajin manomin Kano da jangalin makiyayin Adamawa da Ingilishi, a garin da ba su taɓa gani ba, ba tare da ɗan Arewa ko ɗaya a zauren ba.

Sai da tsarin mulkin Richards ya fara aiki a 1947 aka sami Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Kaduna, inda aka yarda a yi magana da Hausa ko da Ingilishi, aka kuma tura irin su Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aliyu Makaman Bida zuwa Majalisar Dokoki ta tsakiya. Ita wannan majalisa ta riƙa zagayawa da zamanta na kasafi: Ikko a 1947, Kaduna a 1948, Ibadan a 1949, Inugu a 1950. Zaman kasafi shi ne lokacin da wakili ke da damar taɓo kowace magana, domin babu wani sashe na gwamnati da kuɗi bai shafa ba. A irin wannan zama ne na 1947 Tafawa Ɓalewa ya tayar da maganar haɗin kan Nijeriya ita kanta. Duk da haka, ikon majalisun yankuna bai wuce na ba da shawara ba, kuma Gwamna na da hurumin zartar da abin da majalisa ta ƙi.

3.0 Kalmomi Uku da Aka Gada

3.1 Haraji

Kalmar haraji daga Larabci take, kuma a fiƙihu sunan abin da ake karɓa ne a kan ƙasar noma, musamman wadda aka ci da yaƙi. Alƙali Abu Yusuf ya rubuta littafi sukutum a kansa domin Halifa Haruna Rashid. Malamai sun bambanta shi da zakka, wadda ibada ce mai nisabi da sanannun masu cin ta, sun kuma bambanta shi da jiziya, wadda ake ɗora wa kan mutum wanda ba Musulmi ba.

Kafin zuwan Turawa, a masarauta irin ta Kano akwai kuɗin ƙasa, kuɗin shuka, kuɗin rafi, kuɗin karofi da zakkar hatsi, kowanne da sunansa da abin da ya rataya a kansa. Turawa suka narkar da waɗannan wuri guda, har da zakkar, suka mai da su kuɗi ɗaya da ake biya da sule da kwabo maimakon wuri ko dami. A wasu gundumomi an auna gonaki da taki, amma a mafi yawan wurare ana yanka wa gari jimla ne, sannan a rarraba ta kan baligan maza. Sunan da ya zauna wa wannan sabon abu shi ne haraji.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, an ɗauki sunan kuɗin ƙasa an liƙa wa abin da a aikace ya koma kuɗin kai, wanda ya fi kama da jiziya, ga shi kuma Musulmi ake karɓa daga hannunsa. Harshen yau da kullum ya tona wannan, domin idan aka ce yaro ya isa haraji, ko an sa shi a haraji, shekarunsa ake nufi, ko yana da gona ko ba shi da ita. Na biyu, sunan ya dace da wani abu da wataƙila ba a so a riƙa tunawa ba. A jawabin da Lugga ya yi a Sakkwato a watan Maris na 1903, ya kafa hujjar ikon Ingila a kan ƙasa da kuɗinta bisa cewa da yaƙi aka ci ta. Duk malamin da ya san babin haraji a fiƙihu ya san ƙasar wa ake ɗora wa shi.

3.2 Jangali

Al'amarin jangali ya fi na haraji ban mamaki. A littafin Kitabul Farƙi, wanda ake jingina wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, an lissafa jangali tare da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa a cikin abubuwan da sarakunan Haɓe ke karɓa ba bisa shari'a ba. Wato kalmar na cikin takardar tuhumar da masu jihadi suka gabatar a kan tsohon mulki. Bayan shekara ɗari sai ga ta ta zama babi mai zaman kansa a littafin kasafin kowace En'e mai shanu, ana karanta ta a gaban jikokin masu jihadin ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Wannan misali ne na yadda ofis ke wanke kalma: da zarar ta sami gurbi a jadawali da lamba a gefenta, sai tarihinta ya dusashe a idon ma'aikaci. Amma bai dusashe a rugga ba, inda ɓoye shanu da ƙaura kafin lokacin ƙidaya suka zama amsar makiyayi.

3.3 Baitulmali

Wajejen 1910 Razdan Palmer ya fara tsarin ma'ajin En'e a Katsina, daga nan ya bazu zuwa sauran masarautu. Aka sa sarki da hakimai da alƙalai a kan albashi, aka raba abin da aka tara tsakanin gwamnati da En'e, da farko rabi da rabi a manyan masarautu, daga baya aka ƙara wa En'e. Sunan da aka ba wannan ma'aji shi ne baitulmali.

Babu kalmar da ta fi wannan nauyi a cikin ukun. Baitulmali a fiƙihu dukiyar Musulmi ce baki ɗaya, shugaba mai tsaro ne kawai, kuma an ƙayyade ƙofofin shigarta da na fitarta. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wasiƙar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15 ta ware babi a kan halattattun hanyoyin tara dukiya, da wani babin a kan yadda za a kashe ta. Abdullahi Ɗanfodiyo ma ya koma kan wannan batu a Liya'ul Hukkami. Ke nan tunanin kasafi mai fuska biyu, samu da kashewa, ya riga Turawa zuwa Kano da shekara 400.

Baitulmalin En'e ya ɗauki sunan ya bar sharuɗɗan. Ba malamai ke duba halaccin abin da ya shiga ba, kuma kiyasin shekara ba ya aiki sai Razdan da na sama da shi sun sa hannu. Rarar da aka tara a Ingila ake juya ta, daga cikinta kuma aka ba da gudummawar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Adalci ne a faɗi cewa tsarin ya yi ayyukan da ake gani, kamar ruwan famfon Calawa da wutar lantarki da En'en Kano ta samar a farkon shekarun 1930. Sai dai mai biyan kuɗin ba shi da ta cewa ko a cikin aikin da ya amfane shi.

4.0 Abin da Jimla ke Ɓoyewa

Idan muka bar sunaye muka koma ga aikatau, za mu ga wannan rashin ta cewa ya shiga har cikin ginin jimla. Mu dubi waɗannan misalai:

(1) Dagaci ya yanka wa Audu haraji.
(2) An ɗora wa garin haraji mai nauyi.
(3) Hakimi ya karɓi harajin bana.
(4) Audu ya biya haraji.

A (1) da (2) talaka kaikaitaccen karɓau ne, wato wanda aka yi wa. A (3) ma bai fito ba sam. A (4) ne kaɗai ya zama aikau, kuma aikin da ya yi shi ne miƙawa. Babu wata jimla da aka saba da ita a wancan zamani wadda mai biya ke zama aikau na yarda ko ƙi.

A kwatanta wannan da Ingilishi. Kalmar da wannan harshe ke amfani da ita wajen jefa ƙuri'a ita ce kuma sunan kuɗin da majalisa ta yarda a kashe a kan wani sashe. Wannan haɗuwa tana da tarihi: tun dokar 1689 aka haramta wa sarkin Ingila karɓar kuɗi daga jama'a ba da iznin majalisa ba. Tafintan da ke zaune a majalisar Kaduna dole ya raba kalmar gida biyu, ya ce ƙuri'a a wuri ɗaya, ya ce kuɗin da aka ware a wani wurin. Fassarar daidai take, amma igiyar da ta ɗaure biyan kuɗi da yardar mai biya ta tsinke a tsakani. Ba laifin tafinta ba ne, domin a tsarin mulkin mallaka igiyar a tsinke take tun asali. Bature na amfani da kalmar da ta yi alkawarin abin da tsarinsa bai bayar ba.

Haka kuma kalmar kasafi, wadda ta zauna a bakin 'yan jarida, daga tushen kasawa da kasaftawa take, kamar yadda ake kasa nama ko gyaɗa. Hotonta na abu ne da ya riga ya taru a tabarma, saura rabawa. Ta kama fuskar kashewa da kyau, amma ba ta ce komai a kan inda tarin ya fito ba. Ita ma kalmar rabo, da muke cewa rabon arzikin ƙasa, tana da ma'ana ta biyu, wato abin da Allah ya ƙaddaro wa mutum, kamar a karin maganar da ke cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Abin da aka kira rabo ana jiran sa ne, ana kuma gode wa wanda ya miƙo shi.

Yana da kyau a lura cewa babbar rigimar kuɗi ta ƙarshen mulkin mallaka a kan kaso aka yi ta. Rahoton Phillipson na 1946 ya kawo ƙa'idar a ba kowane yanki gwargwadon abin da aka samo daga gare shi. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka nemi a raba bisa yawan jama'a, tare da neman rabin kujerun majalisar tsakiya. Kwamitin Hicks da Phillipson na 1951 ya shigo da la'akari da buƙata, na Chick na 1953 ya koma ga tushen samu, na Raisman na 1958 ya kafa asusun haɗaka. Duk tsawon wannan ja-in-ja tsakanin yankuna, nawa ne ya kamata a yanka wa magidancin ƙauye, da wa zai yanka, sun kasance magana ce ta Di'o da hakimi, can nesa da zauren majalisa.

5.0 Wuƙa Mai Baki Biyu

Mai karatu na iya cewa an ɗora wa kalmomi nauyin da ya fi ƙarfinsu, kuma akwai gaskiya a wannan. Yarbawa sun kira wannan kuɗi owó orí, Ibo suka kira shi ụtụ isi, wato dukansu sun ambace shi da sunansa na kuɗin kai, ba tare da wata rigar addini ba. A can ne kuma aka yi boren Adubi na ƙasar Egba a 1918, da Yaƙin Mata na 1929 wanda ya faro daga Oloko shekara guda bayan fara karɓar kuɗin a Gabas, da gwagwarmayar matan Abekuta a ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta kai ga saukar Alake a 1949. Amma kuskure ne a ce bambancin suna ne ya haifar da bambancin martani. A Arewa an tarar da tsohon tsarin karɓar kuɗi da ma'aikatansa, a Gabas kuwa babu. Bugu da ƙari, mafi yawan wakilan majalisar Kaduna ta 1947 ma'aikatan En'e ne, daga baitulmalin nan albashinsu ke fitowa. Ko da wace kalma aka ba su, bakinsu a ɗaure yake.

Abin da kalmomin suka yi shi ne sauƙaƙa wa tsarin zama, ta hanyar sa sabon abu ya yi kama da tsoho. Sai dai wannan aro yana da tsadarsa ga mai aron. Wanda ya kira ma'ajinsa baitulmali ya buɗe ƙofar a tambaye shi amana, domin kalmomin ba su tafiya su kaɗai: baitulmali na jawo amana, haƙƙi, adalci da kishiyarsu zalunci. A watan Agusta na 1950 Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa a Majalisar Wakilai ta Arewa na a binciki tsarin En'e a gyara shi, ƙudurin ya wuce da ƙyar, kuma daga cikin abin da ya biyo baya har da soke matsayin sarki a matsayin hukuma shi kaɗai, da dokar En'e ta 1954. A cikin wannan wata ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur 'ya'yan malamai ne, sun san fiƙihu, kuma ƙarfin sukarsu ya zo ne daga auna En'e da ma'aunin da ita da kanta ta ara daga masu jihadi. Muhawarar da majalisa ta kasa ɗauka sai ta koma dandalin lacca da shafukan jarida da bakin mawaƙa, kuma ba ta lafa ba sai 1979, lokacin da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.

6.0 Darasi ga Masu Tsara Kalmomi

Tun daga Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, har zuwa ƙamusun kalmomin majalisa na harsuna huɗu da hukumar NERDC ta fitar a 1991 domin cika tanadin tsarin mulki na yin aikin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarbanci, hanyar da aka fi bi ita ce ta jadawali: kalmar Ingilishi a hagu, takwarorinta a dama. Wannan aiki ne mai amfani, kuma ba a raina shi. Amma jadawali na sa a ɗauka cewa kalmomin da ke jere a layi ɗaya nauyinsu ɗaya ne, alhali mun ga haraji da owó orí da ụtụ isi kowace da kayan da ta goyo.

Saboda haka ana ba da shawarar abubuwa uku. Na farko, kalmomin kuɗi da mulki a riƙa yi musu ɗan bayanin asali da sauyin ma'ana a ƙamusun fannoni, kada a tsaya ga takwara kawai. Na biyu, a koma ga rubutattun muhawarorin majalisun Kaduna da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 a ƙarƙashin editancin Abubakar Imam, a tsamo yadda aka yi amfani da kalmomin a cikin jimla, domin a can ne ma'anarsu ta gaskiya take. Na uku, inda harshe ya ba da zaɓi, mai fassara ya san zaɓi yake yi. Kuɗin gwamnati da dukiyar jama'a na iya fassara abu guda, haka ma rabo da kaso da haƙƙi, amma kowace na koya wa mai sauraro matsayinsa dabam.

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙarin nuna cewa haraji da jangali da baitulmali sun shigo kasafin mulkin mallaka ɗauke da tarihin da ya riga shi, cewa an yi amfani da kwarjininsu an bar sharuɗɗansu, kuma cewa sharuɗɗan nan ne daga baya suka zama makamin masu suka. Maganar ba ta tsufa ba. A yau ma'anar haraji ta faɗaɗa, ta zama sunan kowane irin kuɗi da hukuma ke karɓa, daga na albashi har na sayen kaya. Lokacin da aka yi taƙaddama a kan ƙudurorin gyaran haraji a 2024, waɗanda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, tsohuwar rigimar tushen samu da yawan jama'a ce ta sake dawowa, kuma da wannan kalma gidajen rediyo suka isar da ita ga miliyoyin masu sauraro. Dattijon da ya taɓa tsayawa a ƙofar dagaci da takardar biya a hannu, idan ya ji an ce haraji, abin da yake ji dabam ne da abin da mai rubuta dokar yake nufi. Sanin wannan tazara da bayyana ta aikin masanin harshe ne.